Lamba 149: tarihin farautar sinadarin da ke tausasa roba

Ka taɓa lura da tiyon ban-ruwa da ya shekara biyu ko uku a rana? Ranar da aka saye shi, naɗe shi ake yi kamar igiya. Yanzu kuwa ya ƙage, da ka ɗan murɗa shi sai ya tsage. Haka wasu takalman roba suke yi, haka ledar tsakar ɗaki, haka rigar wayar lantarki. Mutane sukan ce rana ce ta cinye shi, kuma da gaskiyarsu, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani abu mai kama da mai da ake zuba wa robar tun daga masana'anta, shi ke ba ta laushi, kuma a hankali yake sulalewa ya fita. To ina yake zuwa? Kuma da wace dabara za a kama shi, tunda ba shi da launi, wari ma kusan babu?

Robar da muke magana a kai ita ce PVC, wadda ake yi wa alama da lamba 3 a cikin ɗan zanen nan mai kusurwa uku. In aka bar ta yadda take, tauri gare ta. Farin bututun nan da masu aikin famfo ke haɗawa da gam, ai ita ce. Wani Bajamushe mai suna Fritz Klatte ya yi rajistar hanyar haɗa ta a 1913, amma aka rasa abin da za a yi da ita saboda gautsi. Sai a 1926 Waldo Semon, ma'aikacin kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, yana neman gam ɗin da zai manna roba a jikin ƙarfe, ya dafa PVC a cikin wani ruwan sinadari mai wuyar tafasa, ya ga ta koma wani abu mai laushi da danƙo. Daga nan kasuwarta ta buɗe. Daga shekarun 1930 zuwa gaba, wani dangin sinadarai da ake kira fitalet ne ya mamaye wannan aikin na tausasawa, babbansu kuwa shi ne wanda ake taƙaita sunansa da DEHP.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin PVC dogaye ne kamar zare, kuma manne suke da juna. Fitalet yana kutsawa tsakaninsu ne ya raba su, kamar yadda ɗan mai ke hana taliya dunƙulewa. Ba a ɗaure yake da robar ba, zaman haya kawai yake yi. Kuma ba ɗan kaɗan ake zubawa ba: a roba mai laushi sosai yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyinta. Zafi, ko mai, ko tauna, duk suna iya fito da shi.

Kafin hankalinka ya tafi kan ledar fiya wata, bari mu raba gardama. Ita wannan ledar da wata roba daban ake yin ta, foli'etilin, wadda laushinta na halitta ne, ba ta buƙatar a tausasa ta. Gorar ruwa mai lamba 1 ma ba PVC ba ce. Suna da nasu matsalolin, amma ba su ne abin maganarmu ba yau.

Kayan aikin da suka riga matsalar zuwa

Kusan duk kayan aikin da ake farautar fitalet da su, don wata buƙata daban aka ƙirƙire su. A 1872 Friedrich Beilstein ya nuna cewa in ka zafafa wayar jan ƙarfe, ka taɓa abu da ita, ka mayar cikin harshen wuta, to in akwai kulorin a cikin abin wutar za ta yi kore. PVC cike take da kulorin, shi ya sa har yau wasu ke wannan gwajin. Amma ka lura, robar yake nunawa, ba abin da aka tausasa ta da shi ba. Hayaƙin kuma guba ne, don haka ba abin gwadawa a ɗakin girki ba ne.

A 1879 Franz von Soxhlet, wanda a fagen binciken madara yake, ya fito da wata na'urar gilas da ke tatso mai daga abu: ruwan narkarwa ya tafasa, tiririnsa ya hau sama, ya huce, ya ɗigo kan samfurin, ya wanko abin da ke ciki, ya koma ƙasa, a sake. Awowi ake yi ana wannan zagayen. Da ita aka daɗe ana tatso fitalet daga yankakkiyar roba, kuma har yanzu tana nan a ɗakunan gwaje-gwaje da yawa, har da na jami'o'inmu.

Tatsowa daban, tantancewa daban. Abin da ya fito daga roba gauraye yake, dole a rarrabe shi. Wannan dabarar ta faro ne daga wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, wanda a 1903 ya bayyana yadda ya zuba ruwan ganye a cikin bututun gilas mai cike da gari irin na alli, sai launukan ganyen suka rabu layi-layi. Shi ya raɗa wa dabarar suna kuromatogirafi a 1906. A 1952, a Landan, Archer Martin da Anthony James suka nuna za a iya yin haka da iska maimakon ruwa. Ita ce na'urar da muke kira GC.

Ka ɗauka an taso daga masallacin Juma'a, jama'a duk sun shiga wani dogon lungu lokaci guda. Baƙon da bai san kowa ba zai wuce fit. Ɗan unguwa kuwa sai ya tsaya a kowane zaure an gaisa, an tambayi iyali, don haka shi zai fito a ƙarshe. Lungun a nan wani siririn bututu ne, tsawonsa yawanci mita 30, faɗin cikinsa kwatan milimita, an naɗe shi cikin tanda mai zafi. Iskar hiliyom ke tura tiririn samfurin. Kowane sinadari da irin jinkirinsa, kuma in ya fito sai na'ura ta zana tsini a kan takarda, ko a fuskar kwamfuta a yanzu.

Sai dai lokacin fitowa ba suna ba ne. Mutum biyu na iya fitowa daga lungun tare. A tsakiyar shekarun 1950 Roland Gohlke da Fred McLafferty, a kamfanin Dow, suka jona bakin GC da wata na'urar da ke farfasa ƙwayar sinadari ta auna nauyin gutsattsarin. Kowane sinadari da yadda yake fashewa, kullum kuma a wuri ɗaya, don haka gutsattsarin sun zama tamkar zanen yatsa. Wannan haɗin shi ne GC-MS, kuma har gobe shi ne babban alƙali a wannan fage.

Hantar ɓera a Baltimo

A 1950 Carl Walter da William Murphy suka fito da jakar roba ta ajiye jini a Amurka. Ci gaba ne babba. Kwalba tana fashewa, tana da nauyi, iska na shiga. Jakar PVC kuwa ana iya matsa ta, a raba jini kashi-kashi ba tare da an buɗe ba. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ta kori kwalba a asibitoci da yawa.

A ƙarshen waɗannan shekarun, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, Robert Rubin da ɗalibinsa Rudolph Jaeger suna wani bincike da hantar ɓera. Ciro hantar suke yi, su riƙa zagaya ruwa ta cikinta da siraran bututan roba don ta ci gaba da aiki. Sai wani baƙon sinadari ya riƙa bayyana a sakamakonsu, wanda babu wanda ya zuba shi. Suka bi sawunsa, sawun ya kai su kan bututan: ruwan yana wanko sinadarin tausasawa daga robar, hantar kuma tana sarrafa shi.

A nan ne, a ganinmu, suka yi abin a yaba. Mai bincike da yawa da ya canza bututu ya ci gaba da aikinsa. Su kuwa suka ce, in ruwan gwaji na iya wanko shi, ina ga jinin da ke kwana da kwanaki a cikin jaka? Sun wallafa sakamakon farko a 1970, na biyu a 1972. Sun gano cewa jinin da aka ajiye a sanyin digiri 4 yana ɗaukar DEHP kimanin miligiram 0.25 a kowace mililita 100, kowace rana. Sun kuma same shi a sassan jikin marasa lafiyan da aka yi wa ƙarin jini.

Kada wannan ya sa wani ya guji ƙarin jini. Mai buƙatar jini, haɗarin rashinsa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Abin mamaki ma, daga baya aka gano DEHP ɗin nan yana taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su daɗe ba su fashe ba, abin da ya sa rabuwa da shi a jakar jini ya yi wuya har yau. Amma ƙofa ta riga ta buɗe. A 1982 wani babban gwaji na gwamnatin Amurka ya nuna DEHP mai yawa yana jawo ƙari a hantar ɓeraye. Daga baya hankali ya fi komawa kan wani abu daban: wasu fitalet suna dagula ginuwar al'aurar ɓeraye maza tun suna ciki.

Ɓarawon na cikin gida

Da kowa ya fara nema, sai kowa ya fara samu. A ruwan kogi, a kifi, a ƙasa, a madara, har a tsokar zuciyar saniya. To a nan fa gizo ke saƙar. Kusan duk fitalet in suka fashe a GC-MS suna ba da gutsure mai nauyin 149. Duk wanda ya taɓa zama gaban wannan na'urar ya san lambar nan kamar yunwar cikinsa, domin tana fitowa ko da ba ka sa komai ba. Ka zuba ruwan narkarwa zalla, ga 149. Daga ina? Daga murfin kwalba, daga safar hannu, daga bututu, daga takardar tacewa, daga ledar da aka shimfiɗa a ƙasan ɗakin, daga ƙurar iska, wani lokaci daga ruwan narkarwar kansa tun yana kamfani. Abin da kake nema a samfuri, shi ne ya kewaye ka.

Ka ga kenan tambayar ta sauya. Ba "akwai shi?" ba ce, "na waye?" ce. Na kifin ne, ko na ɗakin gwajin? A Jami'ar Texas A&M, C. S. Giam da abokan aikinsa sun so su auna fitalet a halittun tsakiyar teku, inda adadin bai taka kara ya karya ba. Aikin da suka wallafa a 1975 galibinsa kan tsafta ne, wato yadda za a rage gurɓatar ɗakin gwaji har ta yi ƙasa da abin da ake nema. Sai a 1978 suka fito suka ce lallai fitalet ya isa teku.

Al'adun da suka samo asali daga irin wannan fama su ne ake bi har yanzu. Ba a bari samfuri ya taɓa roba. Kayan gilas ana gasa su a tanda mai zafin digiri 400 ko fiye na awowi, a rufe da takardar alminiyom. Sannan uwa uba, gwajin wofi: a ɗauki kwalbar da ba samfuri a ciki, a bi da ita duk matakan da samfurin gaske ya bi, a auna. In kwalbar wofi ta ba da goma, samfuri ya ba da goma sha biyu, to ba ka gano komai ba, ɗakinka ka auna. Akwai kuma ɗan rakiya. Ana zuba wa samfurin wani DEHP na musamman da aka sauya wa ƙwayoyin haidirojin huɗu da masu nauyi, sanannen adadi, tun daga farko. Halinsa ɗaya da na asali, amma gutsurensa 153 yake ba da, ba 149 ba. Duk abin da ya salwanta a hanya, tare suke asara, don haka da shi ake gyara lissafi.

Bari mu ɗan yi gyara kayanka, mu masu bincike. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, za ka ga rahoton GC-MS na wani ganyen magani, an jera DEHP cikin "sinadaran da ganyen ya ƙunsa", har ana jingina masa warkarwa. In an jiƙa ganyen a bokitin roba, an tace ta bututun roba, ba a kuma yi gwajin wofi ba, to bokitin ya kamata a fara tuhuma kafin ganyen.

A wajen auna jikin ɗan'adam, wata dabara ce ta kawo mafita. Jiki ba ya barin fitalet yadda ya shigo, yana datse shi ya fitar da ragowar a fitsari. Ita wannan ragowar ba ta yawo a ƙurar ɗakin gwaji kamar uwarta. A 2000, masu bincike na hukumar CDC a Atlanta suka wallafa awon irin wannan ragowar guda bakwai a fitsarin manya 289, suka same ta a mafi yawansu. Tun daga nan fitsari ake aunawa, ba jini ba, in ana son sanin abin da ya shiga jikin jama'a.

Manya na tauna kayan wasan yara

A ƙarshen shekarun 1990 rigima ta koma kan robar da jarirai ke tsotsa lokacin haƙori. Hukumomin Turai suka so su kafa iyaka kan adadin da ke fita daga robar zuwa baki. Magana ce mai ma'ana, domin abin da ya fito ne ke shiga jiki. Amma ta yaya za ka auna? A 1998, a Holan, aka sa manya 20 suka riƙa tsotsa da tauna guntayen PVC suna tofa yawu a kwalba, don a san adadin gaskiya. Sai aka shiga neman na'urar da za ta kwaikwayi bakin yaro: wata tana girgiza samfurin cikin yawun da aka haɗa, wata tana juya kwalbar kai ƙasa ƙafa sama. Matsalar ita ce, roba ɗaya, ɗakunan gwaji daban-daban, sakamako daban-daban. Doka kuwa ba ta tsayuwa kan ma'aunin da yau ya ce kaza gobe ya ce kaza.

A Disamban 1999 Tarayyar Turai ta hana fitalet shida na wucin gadi a kayan da yara 'yan ƙasa da shekara uku ke sawa a baki, aka yi ta sabunta hanin har dokar dindindin ta zo a 2005. Kuma ba abin da ke fita aka sa wa iyaka ba, abin da ke cikin robar ne: kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100, wato giram ɗaya a kilo ɗaya. Amurka ta bi sahu a 2008 da wannan adadin. Ka ga a nan ƙarfin ɗakin gwaji ne ya tsara doka. An zaɓi abin da za a iya aunawa a samu amsa ɗaya a ko'ina.

Awon abin da ke ciki kuwa bai da wuya. A hanyar da hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta shimfiɗa, ana yanko kimanin miligiram 50 na robar, a narkar da ita gaba ɗaya cikin wani ruwa da ake kira THF, a zuba hekzen don PVC ɗin ta dunƙule ta kwanta, a tace, a aika ruwan cikin GC-MS. Akwai hanyoyin gaggawa, amma kowacce da iyakarta. Na'urar hasken infirared tana gane fitalet in yana da yawa, amma kashi 0.1 ya yi mata ƙanƙanta. 'Yar na'urar hannu mai hasken ekis-re da ake neman dalma da ita ba ta ganinsa sam, domin kabon da haidirojin da iskar oksijin ne kawai a jikinsa.

Tsinin da ba a aiko a nema ba

A farkon 2011, wata ma'aikaciyar hukumar abinci da magunguna ta Taiwan tana gwada wani garin gyaran ciki, don ta ga ko an saka masa haramtattun magungunan rage ƙiba. Ba ta same su ba. Aikin da aka ba ta ya ƙare kenan. Amma ta ga wani tsini da bai kamata ya kasance a wurin ba. Bayan duk abin da ka karanta a sama, ka san abin da hankali zai fara ba mutum: gurɓatar ɗakin gwaji ce, a wuce. Ita ba ta wuce ba. Ta ci gaba da bincike a kai har ta tabbatar DEHP ne, kuma adadinsa ya kai wajen miligiram 600 a kilo, abin da ya fi ƙarfin ɗigowa daga murfi ko bututu. Zuba shi aka yi.

Aka bi sawu zuwa wani haɗi da ake sa wa lemo da kayan sha don su yi duhu-duhu kamar ruwan 'ya'yan itace na gaske. A ƙa'ida da ƙaro ake yin sa, irin wanda ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, tare da tataccen manja da wasu abubuwa. Kamfanin Yu Shen ya maye gurbin man da DEHP, don ya fi araha kuma ba ya lalacewa. Wani kamfanin kuma da ɗan'uwansa DINP. An sanar da jama'a ranar 23 ga Mayu, 2011, aka janye ɗaruruwan kayayyaki daga kasuwa, har da waɗanda aka riga aka fitar ƙasashen waje. An yi shekaru ana wannan ha'incin ba a kama ba, ba don babu na'ura ba, sai don fitalet ba ya cikin jerin abubuwan da ake nema a kayan sha.

Wannan ya shafi yadda ake saita GC-MS ɗin kanta. Kana iya ce mata ta duba duk gutsattsarin da suka fito, ko ka ce ta zuba ido kan lambobi ƙalilan. Hanya ta biyu ta fi kaifin gani, ita ake so wajen awon ƙananan adadi, amma duk abin da ba ka lissafa ba zai wuce ta gabanta ba ta ɗago kai ba.

Kuma jerin kullum ƙaruwa yake. Tun daga Yulin 2019 Turai ta sa wa fitalet huɗu iyakar nan ta kashi 0.1 a kayan lantarki, har aka amince da hanyar da ake ɗumama ɗan guntun roba kai tsaye a tura tiririnsa cikin na'ura ba tare da ruwan narkarwa ba. Masana'antu kuma sun koma kan wasu sinadaran. Akwai DEHT, wanda nauyinsa da sinadaran jikinsa daidai suke da na DEHP, tsarin ginin ne kawai ya bambanta. Shi ma yana ba da 149, don haka sai an duba lokacin fitowarsa da sauran gutsattsarinsa, in ba haka ba a ɗora wa halastaccen kaya laifi. Akwai kuma DINCH, wanda kamfanin BASF ya fito da shi a 2002, yanzu yana cikin kayan wasa da kayan asibiti da yawa. Shi ba fitalet ba ne, kuma a lamba 155 ake nemansa.